Makankarin Binuwai, Logon da Tafkin Chadi: me ya sa sunansa na boko ke ta canzawa?

Duk wanda ya ɗauko tsohon rapor na faransanci kan halittun ruwan Tafkin Chadi, irin wa'anda aka rubuta a shekarun 1960 da 1970, sannan ya shiga intanet yau don ya tabbatar da sunayen da ke ciki, to kansa sai ya ɗaure. A sunayen makankari, inda tsohon rapor ya ce Caelatura, sabon jeri cewa yake Coelatura. Abun da aka sani da Aspatharia rubens yanzu Chambardia rubens ake kiransa, dangin Mutelidae kaf ya koma Iridinidae, wasu sunayen kuma an ture su gefe an ce wai dama can maimaici ne. Ɗaliban Marwa da Ngaundere da Njamena masu rubuta memuwar, ma'aikatan kula da kamun kifi, da masu haɗa rapor ɗin muhalli kafin a gina baraj ko gada, duk suna cin karo da wannan ruɗani, kuma tambayarsu ɗaya ce, halittar ce ta canza ko masanan ne suka kasa tsayawa kan magana ɗaya?

A 2021 wasu masana biyu 'yan Amurka, Daniel Graf da Kevin Cummings, sun fitar da sabon jerin makankarin ruwan daɗi na duniya, suka ƙirga jinsi 958, alhali jerin da su ɗin dai suka fitar a 2007 jinsi 840 ne. Ba wai sababbin halittu ne suka faɗo daga sama a tsakani ba. Abubuwa ne daban-daban aka cakuɗa wuri ɗaya, akwai canjin da takarda kawai ya shafa, akwai kuma wanda ya taɓa ainihin tambayar ko halitta iri nawa ce a cikin koginmu. Na biyun nan shi ne mai nauyi, kuma shi aka fi wucewa ba a kula ba.

Tukuna, wace halitta ce?

Makankari, wasu su ce ƙumba, shi ne mai ɓawo biyun nan da ke buɗewa ya rufe, wanda yara ke tonowa a yashin Binuwai ko Logon in ruwa ya ja baya, mata kuma su kankare tukunya ko ƙwarya da ɓawonsa. Zamansa a binne yake cikin yashi ko laka, yana zuƙar ruwa yana tace 'yan ƙananan abubuwan da ke yawo a ciki, abincinsa kenan. Daban yake da katantanwa mai ɓawo ɗaya murɗaɗɗe, kuma a riƙe wannan bambancin da kyau don tsargiya, wato fitsarin jini, wasu ƙananan katantanwa ne da ake kira Bulinus ke yaɗa ta, makankari ba ruwansa.

Masana suna jera halittu hawa-hawa, a nan hawa uku sun ishe mu. Dangi shi ne babban rukuni, cikin dangi akwai gidaje, cikin kowane gida akwai jinsi. Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko gida ta biyu jinsi, kenan Mutela rostrata da Mutela dubia gidansu ɗaya amma jinsi biyu ne.

A Afirka kudu da Sahara dangi uku ne ke akwai kuma duka ukun muna da su. Unionidae su ne su Coelatura da Nitia, galibi ƙanana, in ka buɗe ɓawon za ka ga wasu haƙora a wajen mahaɗinsa da ke shiga cikin juna. Iridinidae su ne su Mutela dogo siriri, da Aspatharia, da Chambardia wanda kan yi girma ya cika tafin hannu, yawancin wa'annan mahaɗinsu sumul yake ba haƙori. Na uku Etheriidae, ita ce kawar kogi, Etheria elliptica, wadda ba ta binne kanta, mannewa take yi a jikin dutse ko jikin 'yar uwarta a inda ruwa ke gudu, har su taru su yi tsibi. Duk Afirka jinsunan ba su kai 100 ba, alhali Amurka ta Arewa kaɗai tana da kusan 300. Akwai kuma wasu masu ɓawo biyu da ba sa cikin wannan lissafi sam, kamar Corbicula ɗan ƙaramin nan mai kama da kusurwa uku, da palurd ɗin da ake nutso a ciro a ƙasan kogin Sanaga wajen Muanko.

Abu ɗaya da za mu buƙata a gaba: babban makankari ba ya zuwa ko'ina, amma 'ya'yansa matafiya ne. Uwar tana riƙe ƙwai a cikin jikinta, in sun ƙyanƙyashe ta sake su, su kuma dole sai sun maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci kafin su saki su faɗa ƙasan ruwa su fara rayuwar kansu. Wani Baturen Ingila, Geoffrey Fryer, ya bi diddigin wannan a Uganda kan Mutela bourguignati ya wallafa a 1961. Ma'ana inda kifi ya iya kaiwa nan makankari ke kaiwa, inda aka tare kifi an tare shi.

Dokar raɗa suna

Sunayen dabbobi suna da kundin doka na duniya, ICZN, bugu na 4 ya fito a 1999 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2000. Ƙa'idojin da suka shafe mu ba su da yawa.

Lissafi yana farawa ne daga 1758, shekarar da Carl Linnaeus na Suwidin ya fitar da bugu na 10 na Systema Naturae. Duk sunan da ya riga wannan shekara ba a ƙirga shi. Kun ga Michel Adanson, Bafaranshen da ya zauna a Sanagal, ya bayyana makankarin da ya kira Mutel a littafinsa na 1757, shekara ɗaya tak ya yi sammako, don haka sunan ba a jingina shi gare shi ba, sai Scopoli da ya ɗauko shi a 1777 ya mai da shi Mutela shi ake rubutawa.

Sai ƙa'idar rigaye, in halitta ɗaya ta samu suna biyu to wanda aka fara wallafawa shi ne nata, ko da na bayan ya fi daɗi ko ya fi yaɗuwa. Akwai togaciya ga tsohon sunan da ba wanda ya yi amfani da shi tun bayan 1899, amma sharuɗɗanta masu tsauri ne. Sannan kowane suna a ɗaure yake da wani ɓawo takamaimai da aka ajiye a gidan adana kayan tarihi, shi ne ma'auni, in gardama ta tashi shi ake komawa a duba, da kuma wurin da aka tsinto shi.

Bakan nan biyu da kuke gani a jikin sunan marubuci, kamar Coelatura aegyptiaca (Cailliaud, 1827), ba ado ba ne. Suna nuna cewa wanda ya raɗa sunan a wani gida daban ya sa shi, daga baya aka ɗauke shi. Cailliaud Unio aegyptiacus ya rubuta. Kamar mutum ne ya tashi daga wata unguwa ya koma wata, adireshi ya canza amma sunan yanka na nan, sai dai ƙarshen kalmar kan ɗan juya don ya dace da nahawun Latin.

Abun da ya fi komai muhimmanci, kuma mutane da yawa ba su lura da shi ba: wannan kundi ba ya yanke hukunci kan ko makankari biyu jinsi ɗaya ne ko biyu. Wannan ra'ayin masu bincike ne bisa hujjar da suka samu, ba kotun da ke zama a kai. Kundin dai cewa yake in kun ce ɗaya ne to ga sunan da za ku kira shi.

Canjin da bai wuce takarda ba

Caelatura da Coelatura rigimar harafi ɗaya ce. Conrad ya rubuta Coelatura a 1853 don makankari, shi ɗin dai a 1865 ya sake ba wa wata katantanwa daban suna Caelatura, marubuta suka yi ta cakuɗa su sama da shekara ɗari har sai da wata maƙala ta 1990 ta warware zancen. Mutelidae kuma na 1847 ne, Iridinidae na 1840, rigaye ta yi aikinta, an daidaita wannan a 1997. Haka palurd ɗin Sanaga, a takardun Najeriya za ka ga Egeria radiata, a na Gana da Kamaru Galatea paradoxa, abu ɗaya ne, wanda bai sani ba sai ya nemi bincike da suna ɗaya ya rasa duk abun da aka rubuta da ɗayan.

Na Chambardia rubens ya ɗan fi tsawo. Lamarck ya kira shi Anodonta rubens a 1819, daga baya ya zama Spatha, ya zama Aspatharia, da aka ga manyan nan sun bambanta da ƙananan Aspatharia, musamman a zanen da ke kan ƙoƙuwar ɓawon, sai aka ware musu gida aka kira shi Spathopsis, sunan 1900. Sai kuma aka lura akwai Chambardia na 1890 da ya riga shi da shekara 10. Gida biyar, makankari ɗaya, bai motsa daga lakarsa ba. Masunta ma sun ga irin wannan a kifi, karfasar da aka sani da Tilapia nilotica ita ce Oreochromis niloticus ta yau.

Duk wannan wahalar mai karatu ce kawai, tebur ɗaya na tsofaffin sunaye da sababbi ya isa ya magance ta.

Daga ina sunayen yankinmu suka fito?

Tsofaffin sunayen da muke amfani da su yawanci ba a nan aka raɗa su ba. An fara bayyana halittun ne daga bakin Nilu da Sanagal, inda Turawa suka fara isa, shi ya sa makankarin da ke kwance a Kusiri yake ɗauke da sunan Masar, wani kuma, Aspatharia dahomeyensis, sunan Dahome.

Namu na tafkin sun shigo ne da zuwan sojan Faransa. Tawagar Foureau da Lamy ta 1898 zuwa 1900, ta Auguste Chevalier ta Shari da Tafkin Chadi daga 1902 zuwa 1904, ta Jean Tilho mai shata iyaka daga 1906 zuwa 1909, duk sun tsinci ɓawo a bakin ruwa sun aika Faris, a can kuma Louis Germain na gidan adana halittu na ƙasar Faransa yake karɓa yana bayyanawa yana raɗa suna. Wasu sunayen na hafsoshin da suka tsinto ne, misali Unio lacoini don wani laftanan Lacoin da ya tara ɓawo a yankin tafkin. A lura da yanayin aikin: galibi busasshen ɓawo ne ba nama, wani lokaci ƙwaya ɗaya ko biyu, bayanin wurin kuma a dunƙule, mai raɗa sunan yana zaune dubban kilomita daga ruwan.

Ga kuma tasirin wata makaranta. Jules-René Bourguignat, wanda ya rasu a 1892, da mabiyansa sun tafi a kan cewa in ɓawo ya bambanta da wani ta siffa uku to jinsi ne daban, a ba shi suna. Da wannan ma'auni Arnould Locard ya lissafa Anodonta sama da 200 a Faransa kaɗai, inda yau ake ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Bourguignat ya raɗa sunaye birjik na Afirka ma, Aspatharia nasa ne.

To matsalar ita ce ɓawon makankari ba ya tsayawa kan siffa ɗaya. Wanda ya girma a yashi inda ruwa ke gudu da wanda ya girma a lakar tafki sai su fito daban ko da uwa ɗaya ta haife su, wannan ya yi kauri wancan ya yi falan-falan, wannan ya kumbura wancan ya baje. Tun 1920 Arnold Ortmann ya nuna a kogunan Amurka cewa jinsi ɗaya yana ƙara kumbura in ana gangarowa daga kan kogi zuwa ƙasansa. Ƙarami da tsoho ma ba sa kama, kuma ƙoƙuwar nan da ake duba zane a kai ita ce ta farkon cinyewa in makankari ya tsufa. Kawa ta fi kowa rikici don siffar dutsen da ta manne take ɗauka, Lamarck da kansa a 1807 jinsi huɗu ya yi da ita.

Masu rarrabawa da masu haɗewa

A ƙarni na 20 sai aka juya baya. Fritz Haas a 1969 ya tattara na duniya ya rage sunaye da yawa. A nan gida Christian Lévêque, wanda ya yi aiki da cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM a Fort-Lamy, Njamena ta yau, ya yi shekaru yana binciken halittun ƙasan Tafkin Chadi, a 1974 ya fitar da nazari kan makankarin yankin bisa aune-aunen ɓawo masu yawa maimakon ƙwaya ɗaya ko biyu. Sai Georg Mandahl-Barth na Denmak a 1988, da Jacques Daget a 1998 da kundinsa na duk masu ɓawo biyu na ruwan daɗin Afirka. Sakamakon wannan zamani shi ne sunaye irin su lacoini suka shige ƙarƙashin Coelatura aegyptiaca, aka wayi gari da 'yan jinsuna kaɗan masu faɗin ƙasa, daga Nilu har Sanagal.

Hujjar masu haɗewa mai ƙarfi ce. In ka jera ɓawo ɗari daga wuri ɗaya ka ga siffar tana tafiya sannu a hankali daga wannan iyaka zuwa waccan ba inda ta yanke, to ina za ka ja layi? Suna kuma cewa yawan suna yana sa ƙasa ta zaci tana da arzikin halittu da ba ta da shi, a ɓata kuɗi wajen kare abun da babu.

Masu rarrabawa na yau, wa'anda ba irin su Bourguignat ba ne, su ma suna da tasu. Suna cewa in ɓawo yana yaudara ta wannan gefe to yana yaudara ta ɗayan ma, jinsi ɗaya kan fito da siffa goma, haka jinsi biyu kan fito da siffa ɗaya don laka ɗaya suke zaune. Wanda ya haɗe su da ido kaɗai bai fi wanda ya raba su da ido kaɗai hujja ba, kayan aikinsu ɗaya. A nan maganarsu ta fi tsayuwa, don haɗewar da aka yi wa na yankinmu da ɓawo aka yi ta, shi ɗin dai da aka ce ba a yarda da shi ba.

Ruwan Logon da na Binuwai

A taswira Binuwai da Logon gida biyu ne. Binuwai ta taso daga tsaunukan Adamawa, ta bi Lagdo da Garwa ta shiga Najeriya ta haɗu da Neja a Lokoja ta tafi teku. Logon kuma ya bi Bongor da Yagwa ya haɗu da Shari a tsakanin Kusiri da Njamena, su biyun su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga Tafkin Chadi, wanda ba shi da hanyar teku. Amma a shekarar da ruwa ya yi yawa Logon kan tumbatsa ya malala ta fadamun ƙasar Tupuri, wajen Fianga da Tikem, ya shiga Mayo Kebbi, ya wuce Lere mai ayu, ya faɗa Binuwai sama da Garwa. Kuma kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin kansa ya kai faɗin wajen murabba'in kilomita 350,000, rararsa ta wannan hanya ta Mayo Kebbi take fita, har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a busasshiyar hamadar arewacin Chadi.

Wannan yana goyon bayan masu haɗewa, kuma kifi ma shaida ne, giwan ruwa da karfasa da bargi duk ana samunsu a Nilu da Chadi da Neja da Sanagal. In kifin ɗaya ne ba abun mamaki ba ne fasinjansa ya zama ɗaya.

Amma akwai magangarar ruwa ta Gauthiot a kan Mayo Kebbi, kifi kan iya gangarowa daga ɓangaren Logon amma hawa daga ɓangaren Binuwai wani aiki ne. Hanyar kenan kusan ta gefe ɗaya ce. Tsakanin Chadi da Nilu kuma hamada ta raba su dubban shekaru. Ko wannan rabuwa ta isa ta mai da su jinsi daban, amsar ba a ɓawo take ba.

Abun da DNA ya zo da shi

Yanzu ana yankar ɗan nama a kai labo a karanta wani yanki na ƙwayar gado, wato DNA, wanda aka fi amfani da shi ana kiransa COI, haruffa wajen 650, a gwada na wannan kogi da na wancan. Inda aka yi wannan a Afirka ya tayar da ƙura. Binciken da aka wallafa a 2016 kan kawa ya nuna abun da ake kira Etheria elliptica ba jinsi ɗaya ba ne, akwai ɓoyayyu a ciki, wato Lamarck da ya ce huɗu da wa'anda suka ce ɗaya duk sai an sake duba maganarsu. Wani na 2020 kan su Coelatura na manyan tafkunan gabashin Afirka ya nuna rukunonin da DNA ya fitar sun fi bin tarihin haɗuwar koguna da rabuwarsu fiye da sunayen da aka raɗa bisa ɓawo. A hawan dangi ma an ga abun mamaki, Coelatura 'yan uwansa na kusa suna Indiya da kudu maso gabashin Asiya, su Mutela kuma danginsu na Amurka ta Kudu ne, tun zamanin da nahiyoyin biyu ke manne. Makankari biyu a kwale-kwale ɗaya a Lagdo amma asalinsu ya yi nisa haka.

Yawancin wannan aiki a gabashin Afirka da Kongo aka yi shi, don haka sunayen Binuwai da Logon da Shari har yanzu a kan tsohon ma'auni suke tsaye.

DNA ɗin ma ba alƙali ba ne. Masana ba su haɗu kan ko bambancin kashi nawa ne ke mai da abu jinsi daban ba, yanki ɗaya na ƙwayar gado kan ba da amsar da wani yankin zai saɓa mata, a Unionidae ma akwai wani sarƙaƙiya don namiji yana ɗauke da irin wannan yanki kala biyu, na uwa da na uba, in ba a kula ba sai a ƙirga makankari ɗaya sau biyu. Sannan ga babbar matsala, ɓawon ma'auni na shekara ɗari ba nama a jikinsa, to in DNA ya fitar da rukuni uku wanne ne mai tsohon sunan? Dole a koma wurin da aka tsinto na asali a sake ɗebowa.

A nan ne maimaicin nan da aka ture gefe ke da amfani, don ba mutuwa suka yi ba, ajiye su aka yi. A ce gobe an gano Coelatura na Tafkin Chadi daban yake da na Nilu, sunan aegyptiaca zai zauna wa na Masar tunda daga can ma'auninsa yake, namu kuma ba za a ƙirƙiro masa sabo ba sai an duba tsofaffin sunayen da aka raɗa daga yankin tafkin a ɗauki wanda ya riga. Sunan da aka binne a ƙarni na 20 zai iya tashi kenan.

Sunayen 'yan mulkin mallaka fa?

A 2023 wasu masu bincike sun yi kira a daina raɗa wa halittu sunan mutane, har a canza na da, hujjarsu ita ce a Afirka sunayen Turawan mulkin mallaka ne suka cika jerin. Hukumar ICZN mai kula da kundin sunayen dabbobi ta amsa a shekarar cewa ba za ta canza suna don dalilin ɗa'a ba, aikinta tsayar da suna ne kada ya yi ta yawo, in aka buɗe wannan ƙofa dubban sunaye za su motsa. Masana tsirrai su kuma a taronsu na Madrid a Yulin 2024 sun kaɗa ƙuri'a suka cire kalmar caffra da danginta, wadda zagi ce ga baƙar fata a kudancin Afirka, daga sunayen tsirrai sama da 200. Dokar tsirrai daban ta dabbobi daban, shi ya sa makankarin kudancin Afirka mai suna Unio caffer yana nan da sunansa.

Wani ɓangare na ganin tambayar da ta fi suna nauyi ita ce wa ke riƙe da kayan. Ma'aunan Germain suna Faris, ko da yake an ɗauki hoton da yawa an sa a intanet. Kamaru da Chadi duk suna cikin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan albarkatun gado na halittu, Kamaru kuma ta yi dokarta a Yulin 2021, wadda ta sa sai da izini za a ɗebi irin wannan samfur don bincike. Masu goyon baya na cewa ta hana a kwashe a tafi ba a bar komai ba, wasu masu bincike kuma, har da na gida, na kukan dosiye ya yi yawa kan ɗan naman da ba na kasuwa ba.

Ina ruwan talaka da wannan?

Suna shi ne ke shiga jerin halittun da ke cikin haɗari na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. Jinsin da aka ce yana nan daga Masar har Sanagal ba mai damuwa da shi, ko ya ƙare ƙaf a Logon za a ce akwai shi a wani wuri. In aka raba shi aka ce wannan na Logon ne kaɗai, to lissafi ya juya. Jerin IUCN ba doka ba ne, amma manyan masu ba da bashin proje irin su Bankin Duniya suna duba ko akwai halitta mai ƙaramin mazauni a wurin aiki, kuma hakan kan kawo sharaɗi kan baraj, kan gada, kan inda za a haƙi yashi. Mai haƙar yashi a Binuwai ko Shari da mai ƙona ɓawon kawa don farar ƙasa ko abincin kaji na iya ganin takura, masunci kuma na iya ganin riba, don kurungu da gaiwa suna cin irin wa'annan halittu, su kuma makankarai suna tace ruwan da kifin ke ciki.

Yankin ya riga ya canza sosai tun bayan tsintar su Lacoin. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, an yi baraj ɗin Maga a 1979 an rage ruwan da ke malala yayre, wato fadamun Logon, Lagdo ya tare Binuwai a 1982. Wasu Aspatharia da Chambardia suna iya rufe ɓawo su jure watanni cikin busasshiyar laka, wasu ba sa iyawa, don haka fari ba ya cin su daidai wa daida. Mai son sanin me aka rasa dole ya gwada jerin Lévêque da na yau, in sunayen ba su hau juna ba sai ya ƙirga canjin suna a matsayin ɓacewa, ko ɓacewa ta wuce shi yana zaton canjin suna ne. Haka maganar Transaqua, tsohon shirin nan na janyo ruwa daga yankin Kongo zuwa Shari, in ya tabbata kifin Kongo zai shigo da nasa fasinjojin, kuma ba yadda za a gane baƙo in ba a tantance 'yan gida ba tun kafin a buɗe ruwan.

Akwai kuma lafiya. Makankari yana tara abun da ya tace a namansa, shi ya sa ake amfani da shi a auna gurɓatar ruwa, kamar maganin feshin auduga ko sinadarin masu wankin zinare a Mayo Rey da Mayo Kebbi. Jinsi daban ba sa tarawa daidai, in labo ya haɗa jinsi biyu ƙarƙashin suna ɗaya awon ya ɓaci.

Ga mai rubuta memuwar ko rapor, abun da ke rage rikici shi ne ya rubuta cikakken suna da marubuci da shekara, ya duba shi a shafukan intanet masu jera wa'annan sunaye, MolluscaBase ko MUSSELp, ya faɗi ranar da ya duba, ya sa tsohon sunan a gefe a karon farko. Ya rubuta ainihin wurin da GPS, yashi ne ko laka, ruwa mai gudu ne ko tsayayye, ya ɗauki hoton ɓawon ciki da waje da mahaɗinsa, ya haɗa da ƙanana wa'anda ƙoƙuwarsu ba ta cinye ba. Ɗan naman kuma a sa shi cikin alkol mai ƙarfin 95 ko 96, ba formol ba, don formol yana lalata DNA, a ajiye shi da lamba ɗaya da ɓawonsa.